Yadda Ake Tantance Shafin Intanet Kafin a Kafa Hujja da Shi a Wikipedia

Wanda ya fara gyara a Wikipedia ta Hausa ba ya yin mako guda sai ya ci karo da wannan matsala. Ka zauna za ka rubuta maƙala a kan wani mawaƙi, ko wani basarake, ko garinku. Ka sa sunan a Google, shafuka su yi ta fitowa, mafi yawansu na mutane ne da suka buɗe wa kansu suna zuba abin da suka ga dama. Wasunsu ma sun fi jarida kyan gani: ga hotuna, ga kanun labarai masu ɗaukar ido, ga rubutu tsaf. Sai ka kwafi adireshin ka liƙa a ƙarƙashin Manazarta, washegari ka tarar wani edita ya cire, ya bar maka alamar "ana buƙatar hujja".

Dalilin cirewar a fili yake. Buɗe shafi a Blogspot ko WordPress ko Medium kyauta ne, minti goma ya isa. Adireshi mai ƙarewa da .com ko .com.ng kuwa kuɗi kaɗan ne a shekara. Mai shafin shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mawallafi, shi ne kuma zai goge cikin dare idan magana ta yi zafi. Babu wanda ya tsaya tsakanin hannunsa da idon mai karatu. Ita kuma Wikipedia, tun kafuwarta a 2001, kowa yana iya gyara ta, galibi da sunan aro, don haka duk nauyin amana a kan majiya yake. Idan majiyar ma ba wanda ya tsaya mata, makaho ne ya ja makaho.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ana duba matani, ana duba isnadi: wane ne ya ruwaito, yana kiyaye abin da ya ji, an taɓa kama shi da ƙarya, daga bakin wa ya karɓa? Mai ruwayar da ba a san ko wane ne ba, ko maganarsa ta kai zuma zaƙi, ba a gina hukunci a kanta. An fi rubuta ƙa'idojin majiya dalla-dalla a Wikipedia ta Turanci, kuma kowane harshe yana da ikon tsara nasa, amma hankalin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne ko'ina.

Fara da jimlar da kake son kafa wa hujja

Kuskuren farko shi ne tambayar "shin wannan shafi yana da inganci?" a dunƙule. Ka tambayi kanka: wace jimla nake son ya tsaya mata? Shafi guda yana iya isa hujja a kan wata jimla ya kasa a kan wata. Shafin wata ƙungiyar ƙwallo ya isa ya gaya maka launin rigarta da sunan filin da take wasa. Bai isa ya gaya maka cewa ita ce ta fi kowace ƙungiya magoya baya a Arewa ba. Gwargwadon girman magana, gwargwadon girman majiyar da take bukata. "An buɗe makarantar a shekara kaza" ƙaramar magana ce. "Shi ne Bahaushen farko da ya yi kaza", ko "ita ce kasuwa mafi girma a Afirka ta Yamma", ko "ya saci kuɗin gwamnati", waɗannan sai majiya mai ƙarfi, kuma fiye da ɗaya. Duk inda ka ga "na farko", "mafi girma", "mafi arziki", ka rage gudu.

Wa ya rubuta, wa ya duba

Ka bar labarin da ya kawo ka tukuna, ka zagaya gidan. Ka sauka ƙasan shafin ka nemi wurin da suke bayanin kansu, wanda galibi ake rubuta masa "About Us" ko "Game da Mu". Kafar labarai ta gaskiya tana faɗin sunan kamfani, sunan babban edita, adireshin ofis mai titi da lamba, wani lokaci har da ƙa'idojin aikinsu da hanyar kai ƙorafi. Idan abin da ka gani layi biyu ne kamar "mun himmatu wajen kawo muku sahihan labarai", sai imel na Gmail da lambar WhatsApp ta masu son talla, to ka sami rabin amsarka.

Sannan ka duba sunan marubuci a saman labarin. "Admin", "Wakilinmu" a kan kowane labari, ko suna guda a kan siyasa da wasanni da girke-girke da fassarar mafarki duk a rana ɗaya, alama ce ta mutum ɗaya da wayarsa. Ka nemi gyara: shin sun taɓa rubuta cewa sun yi kuskure a labarin jiya, ga daidai? Mutane suna ɗaukar neman afuwa a matsayin rauni, alhali a wannan aiki shi ne mafi ƙarfin shaida cewa akwai mai bin diddigi. Shafin da ya yi shekara biyar bai taɓa gyara komai a fili ba, gogewa yake yi a ɓoye.

Gwajin da ya fi saurin tona asiri shi ne wannan. Ka buɗe labarai goma na ƙarshe da suka wallafa. A kowanne ka kwafi jimla ɗaya daga tsakiya, mai kalma takwas zuwa goma, ka sa ta cikin alamar zance a Google. Idan bakwai ko takwas sun fito harafi da harafi a BBC Hausa, ko Aminiya, ko Premium Times Hausa, ko RFI, da kwanan wata da ya riga nasu, to shafin ɗan kwafe ne. Ka tafi can gidan asali ka kafa hujja da shi. Akwai ƙarin dalili: Wikipedia ba ta yarda a sa mahaɗi zuwa shafin da aka san ya saci rubutun wasu ba.

Sauran dubawa biyu ba sa cin lokaci. Ka sa sunan adireshin a WHOIS, wato shafin duba rajistar adireshin intanet, ka ga ranar da aka yi masa rajista. Shafin da ke cewa ya shekara goma yana aiki amma adireshinsa wata huɗu da saye, akwai lauje cikin naɗi. Sannan ka bincika ko manyan jaridu da masu bincike na jami'a suna ambaton shafin a matsayin inda suka samo labari, ko kuwa masu tantance gaskiyar labarai irin su Dubawa da Africa Check ne suke ambatonsa suna ƙaryatawa. Yawan mabiya a Facebook ko TikTok ba ya shiga lissafi ko kaɗan.

Idan mai shafin masani ne

Nan ne ƙofa ta farko da aka bar wa rubutun da mutum ya wallafa da kansa, kuma ƙunci gare ta. Sharaɗin shi ne marubucin ya kasance ƙwararre da aka sani a fannin, wanda wasu mawallafa masu zaman kansu, masu mutunci, suka riga suka buga aikinsa a wannan fannin. Kowace gaɓa a nan tana da aiki.

"A wannan fannin": farfesan kimiyyar harshe da ya yi rubutu a shafinsa kan karin sautin Hausa, ana iya jingina da shi. Idan shi ɗin ya juya ya yi rubutu kan maganin ciwon suga ko asalin wata masarauta, daidai yake da kowa. Laƙabin Dakta ko Farfesa ba fasfo ba ne na shiga kowane fage. "Wasu mawallafa": littafin da mutum ya kai maɗaba'a ya biya aka buga masa, ko da yana da lambar ISBN da bango mai sheƙi, wallafar kai ce. Haka nan mujallun da ke karɓar kuɗi su buga kowace takarda cikin mako guda ba tare da masana sun tace ba. Ka sa sunansa a Google Scholar, wato sashen Google na neman rubuce-rubucen bincike, ka ga inda aka buga aikinsa da waɗanda suka ambace shi. Sannan ka tabbata shafin nasa ne da gaske, domin buɗe shafi da sunan malami da hotonsa abu ne da ake yi kullum. Hanyar tabbatarwa ita ce ka ga shafin jami'arsa ko wata hira da aka yi da shi ta nuna adireshin.

Ko duk wannan ya cika, ka jingina maganar gare shi a cikin jimlar: "A cewar masanin harshe wane..." Kada ka rubuta ta da muryar Wikipedia kamar abin da kowa ya yi ittifaƙi a kai. Kuma ka tsaya ka yi tunani: idan maganar tana da muhimmanci haka, me ya sa ba ta fito a wata mujalla ko littafi ba? Sau da yawa ta fito, ba ka nema ba ne.

Mutum yana ba da labarin kansa

Shafin mutum ko na ƙungiya, har da Facebook da X da aka tabbatar nasu ne, ana iya amfani da shi a maƙalar da ta shafe su, kan abin da suka faɗa game da kansu. Sharuɗɗa biyar ne, sai sun cika duka: kada maganar ta zama yabon kai ko babbar da'awa, kada ta taɓa wani mutum daban, kada ta shafi abin da ba shi da alaƙa da su kai tsaye, kada a sami shakkar cewa su ne suka faɗa, kuma kada a gina mafi yawan maƙalar a kan irin wannan majiya.

A ce mawaƙi ya rubuta a shafinsa cewa a Maraɗi aka haife shi. Wannan ya shiga. Ya ce kundinsa ya sayu fiye da na kowa a Nijar, bai shiga ba. Ya ce furodusansa ya cinye masa kuɗi, ko kusa. Sannan komai yawan abin da mutum ya rubuta a kan kansa, ba ya nuna cewa ya cancanci a yi masa maƙala. Cancanta sai wasu da ba ruwansu da shi sun yi rubutu mai zurfi a kansa.

Rayayyun mutane

A nan ƙofar masani ma a rufe take. Ba a kafa hujja da wallafar kai a kan wani mutum mai rai, ko marubucin farfesa ne, ko sanannen ɗan jarida ne yana rubutu a shafinsa na kansa. Tsananin ya samo asali daga 2005, lokacin da wani ya rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta zauna a shafin daga Mayu har Satumba. A 2009 hukumar Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta fitar da ƙuduri tana kiran dukkan harsuna su ba rubutu kan rayayyun mutane kulawa ta musamman, don haka wannan ya hau kan Wikipedia ta Hausa ma.

Inda abin ya fi cizo a wajenmu shi ne maƙalun 'yan Kannywood, mawaƙa, malamai da 'yan siyasa. Akwai tarin shafuka da sana'arsu ita ce "tarihin wance, shekarunta, mijinta, dukiyarta". Ka buɗe uku za ka ga shekarar haihuwa uku, dukiya kuwa an ƙiyasta ta da dala ba tare da ko kalma ɗaya kan inda aka samo adadin ba. Don talla ake rubuta su, kowanne yana kwafar ɗan'uwansa. Aure, saki, rashin lafiya, aƙida, zargin laifi, cikakkiyar ranar haihuwa: idan irin wannan shafi ne kaɗai ya faɗa, ka cire nan take. Ba a sa wa irin wannan magana alamar neman hujja a zauna jira, domin kowace rana da ta kwana a shafin wani yana karantawa, kuma mutuncin mutum madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Sunan jarida a sama bai wadatar ba

Wasu rubuce-rubucen suna zaune a ƙarƙashin adireshin babbar jarida amma ba su bi ta hannun editanta ba. Misalin da editocin Turanci suka fi sani shi ne mujallar kasuwanci ta Forbes: labarin ma'aikacinta ana karɓa, na waɗanda aka rubuta wa "Contributor" kusa da sunansu kuwa ana ɗaukarsa kamar wallafar kai. Filin sharhi na ƙwararren marubuci a jarida ana iya amfani da shi, amma a matsayin ra'ayin mai shi, da sunansa. Abin da masu karatu suka rubuta a ƙasan labari ba majiya ba ne har abada.

Sai labarin da aka biya. Ka nemi "Sponsored", "Advertorial", "Branded content" ko "Talla" a sama ko can ƙasa da ƙananan haruffa. A jaridun Najeriya sau da yawa ba a sa alamar, sai dai ka gane da kanka: babu sunan ɗan rahoto, daga farko har ƙarshe yabo ne, ba a ji ta bakin kowa ba sai mai labarin, kuma rubutu iri ɗaya ya fito a jaridu huɗu cikin kwana biyu. Wannan majiya ɗaya ce, ita ce mutumin da ya biya. Girman jarida ma ba kariya ba ne: a 2017 editocin Wikipedia ta Turanci suka yanke cewa a daina dogaro da Daily Mail ta Ingila saboda tarihinta na rashin tantancewa da ƙirƙirar labari.

Kada ka kama wutsiyar kanka

A Fabrairun 2009 aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus. Mutum ne mai jerin sunaye, sai wani ya cusa "Wilhelm" a cikinsu a Wikipedia ta Jamusanci. Manyan kafafe, har da Spiegel da Bild, suka kwafa. Da editoci suka yi shakka suka cire, sai aka mayar da sunan, aka kafa hujja da jaridar da ta kwafa daga Wikipedia ɗin. Idan wannan ya sami manyan jaridun Jamus, ƙananan shafuka fa?

Ga yadda ake kamawa. Ka buɗe tarihin maƙalar a Wikipedia, ta Hausa da ta Turanci duka, ka gano ranar da jimlar ta fara shiga. Ka sa adireshin majiyar a web.archive.org, ma'ajiyar da ke adana kwafin shafukan intanet, ka ga ranar da aka fara adana ta da abin da ke cikinta a lokacin. Kada ka yarda da kwanan watan da ke kan shafin shi kaɗai, mai shafi yana iya canza shi. Idan Wikipedia ta riga, kuma kalmomin sun yi kama, majiyar 'yar Wikipedia ce. Wasu masu kwafar ma ba sa goge lambobin manazarta, sai ka ga [1] da [2] a tsakiyar rubutu ba sa kai ka ko'ina. Masu fassara daga Turanci su ƙara kula: kada a ɗauko manazarta a jibge ba tare da an buɗe kowace an ga tana faɗin abin da aka jingina mata ba.

Lafiya, kundin ɗalibai, da rubutun na'ura

Maganar magani ba ta karɓar wallafar kai, kuma ko rahoton jarida bai cika isa ba. Ana neman bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ko littattafan koyar da likitanci, ko nazarin da ya tattara bincike da yawa. Waɗanda suka ga Agustan 2014 sun tuna daren da saƙo ya zagaya Najeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare Ebola. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu suka kwanta asibiti.

Shafukan da ke sayar da "project" babi na ɗaya zuwa na biyar ba majiya ba ne. Kundin digirin farko ma haka. Na digiri na uku da aka kammala, yana ajiye a ɗakin karatun jami'a, ana iya amfani da shi da taka-tsantsan. Rubutun da ChatGPT da ire-irensa suka samar kuwa yana iya ƙirƙiro sunan littafi, marubuci da lambar shafi waɗanda babu su a duniya, don haka duk madogarar da ba ka buɗe da idonka ba, kada ka sa.

In ba a sami komai ba sai irin wannan shafi

Wannan ita ce damuwar gaske ga mai rubutu kan ƙasar Hausa: abubuwa da yawa an san su, ba a rubuta su ba. Ka ɗauki shafin a matsayin ɗan jagora. Idan ya ce "kamar yadda wane ya rubuta a littafinsa", ka nemo littafin. Majiya ba dole ta kasance a intanet ba, ba dole ta kasance da Turanci ba. Littafin Hausa, ko na Larabci, ko na Faransanci, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da abin da ke Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, duk suna shiga matuƙar wani zai iya zuwa ya duba. Ka rubuta sunan marubuci, sunan littafi, mawallafi, shekara da lambar shafi. Shirin rediyo yana shiga idan an adana shi inda za a iya sake saurare. Ka ba da sunan tasha, sunan shiri da rana. Abin da kakanka ya gaya maka, ko hirar da ka yi da mai unguwa da kanka, ba ya shiga sai wata kafa mai edita ta wallafa shi.

Labarin kafuwar gari da ya zo ta baka, irin na Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura, ana rubuta shi da lafazin "bisa ga tarihin baka", a jingina ga masanin da ya tattara shi.

Idan ka sami majiya mai kyau, ka adana ta a web.archive.org a ranar, ka sa adireshin ajiyar tare da na asali da ranar da ka duba, domin shafukan labarai suna mutuwa ko su sauya adireshi. Idan kun saɓa da wani edita, kada ku yi ta mayar wa juna gyara. Ka je shafin tattaunawar maƙalar ka rubuta abu uku: adireshin majiyar, jimlar da ake son ta tsaya mata harafi da harafi, da abin da ka gano game da marubucinta da editanta. Nauyin kawo hujja yana kan wanda yake son jimlar ta zauna, kuma har a gama tattaunawar, idan maganar ta shafi mutum mai rai, a waje take jira.